Jan Biro da Gwangwanin Wake

Auta ta ce ƙarfe huɗu za ta iso, kuma ita ba ta makara. Wannan halin a wajen uwarta ta ɗauko shi. Yanzu tara da kwata na safe. Jan Biro yana tsaye a kicin, gwangwanin wake a gabansa, abin buɗe gwangwani a hannunsa, manuniyarsa ta hagu naɗe da filasta wadda ta fara baƙi a gefe.

Sunan Jan Biro a maɗaba'a aka laƙaba masa shi, inda ya yi shekara talatin da huɗu yana gyara rubutun mutanen da suka fi shi suna amma ba su fi shi sanin inda ake sa waƙafi ba. Daga tsallaken tebur yakan hango harafin da ya yar da lanƙwasarsa. Ya taɓa sa aka tsayar da inji ana tsakiyar bugu, saboda wani littafin kiwon lafiya ya shawarci tsofaffi su kula da kashinsu, alhali ƙashinsu ake nufi. Ya ce duka biyun shawara ce mai kyau, amma ɗaya kaɗai marubucin ya rubuta. Mutum ne da ya yi imani babu abin da ke wucewa ta gaban idonsa bai gani ba.

Ya sake ɗora abin buɗewar a bakin gwangwanin. Ya matse mariƙan da hagu, ya kama kunnen da ake murɗawa da dama, ya murɗa. 'Yar tayar nan mai haƙora ta yi ƙara, ta kankare fenti, ta zame. Gwangwanin ya juya rabi ya tsaya yana kallonsa, ko tabo bai yi ba.

Wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa. A watannin farko dangi suka yi ta aiko da kwano, har ya rasa wurin ajiya. Daga baya kwanukan suka fara ja da baya, yadda masu ta'aziyya ke yi, yau biyu, gobe ɗaya, jibi waya kawai. 'Ya'yansa maza biyu suna nesa, kuma sun iya tausayi ta waya ƙwarai. 'Yarsa Auta ce kaɗai ke zuwa da ƙafarta, ita ce kuma ta zo mako uku da suka wuce da kwali a hannu da magana a baki.

"Baba, ɗakin yana nan a gidanmu, na sa an yi masa fenti. Tagarsa bishiya take kallo."

"Tawa ma bishiya take kallo."

"Taka turken lantarki take kallo."

"Shi ma da bishiya ne, kafin ya samu aikin hukuma."

Ba ta yi dariya ba. Ya san ɗakin. Yana jikin falon da surukinsa ke kallon ƙwallo da murya kamar shi ke buga ta. Akwai kanta guda a bango, wadda in an matsa za ta ɗauki littafi arba'in. Shi kuwa littattafansa sun cinye bango uku a nan, sun fara cin baranda. Auta ta ce sai ya zaɓi waɗanda yake karantawa, kamar ana tambayar mutum ya zaɓi haƙoran da yake tauna da su.

Ranar ta jera gwangwanayen da ta zo da su a kabad, sha biyu cif: wake, kifi, masara, tumatir. Babu mai zobe a ka ko ɗaya.

"Likita ya ce hannunka na dama ya fara saki, sanyin ƙashi ne, kai kuma ka ce ƙarya yake. To ga su nan. In na dawo bayan mako uku na tarar kana buɗewa kana ci, na bar maganar. In na tarar da su a jere yadda na bar su, ko na tarar ka yanka hannu, to Baba, jaka za mu haɗa, kuma ba za ka yi min gardama ba."

Ya amsa ba tare da ya ɗago daga littafin da ke cinyarsa ba. Gwangwani. Mutumin da ya gyara littafin lissafi mai shafi ɗari shida a kwana tara ne za a yi wa jarrabawa da gwangwani.

Ranar farko da abin ya zame, ya ɗora wa gwangwanin laifi. Rana ta biyu ya ɗora wa kamfanin da ya yi shi, da zamanin da ya haifi kamfanin. A rana ta uku ya duba ya ga babu wanda ya rage sai hannunsa. Ya zauna a kujerar kicin, ya buɗe tafin, ya rufe, ya buɗe, yana kallonsa kamar tsohon ma'aikacin da aka kama yana barci a bakin aiki. Da wannan abin matarsa ta yi ta buɗe gwangwani shekara da shekaru. Daga falo yakan ji ƙarar, kir kir kir, sai ƙas, an gama. Mace mai ciwon sukari, mai shekara sittin da takwas.

Sai ya koma ga wuƙa da guduma. Huɗu ya buɗe haka, bakinsu ya yi kaca-kaca kamar kare ya tauna, ya kai su kwandon sharar layi na gaba don kada a gani. A na biyar wuƙar ta goce ta shiga yatsa. Tun ranar burodi da shayi yake ci. Bakwai sun rage, ɗaya a gabansa, shida a kabad, a jere kamar shaidu.

Shagon kayan kicin bai fi tafiyar minti goma ba, kuma ya sani tun makon farko. Abin da ya hana shi zuwa shi ne wannan: muddin bai gwada wani abin buɗewar ba, yana iya cewa tsohon ne ya dakushe. In ya sayo sabo shi ma ya zame, magana ta ƙare, sai dai ya fara zaɓen littafi arba'in. Ya kwana goma sha tara yana kiwon wannan 'yar shakka kamar kaza. Yau babu sauran kwana.

Ya sa tsohon abin buɗewar a aljihu, ya sa gwangwanin a leda, ya kulle ƙofa, ya dawo ya taɓa ta ya tabbatar.

A hanya ya wuce kemis, ya wuce shagon aski, inda mai askin ya ɗaga masa almakashi ya ce, "Malam, an kwana biyu." Ya ɗaga masa hannun dama, ya ɓoye na hagu a bayan leda. Kowane allon shago da ya wuce akwai kuskure a jikinsa, amma yau bai ji daɗin ganinsu ba.

Shagon yana daura da gidan mai. Bai taɓa shiga ba. Tukwane sun yi hawa-hawa har rufi, cokula suna reto a igiya, ga ƙamshin sabuwar roba. Mai shagon mace ce mai faɗi, ta kai hamsin, tabarau a goshi, tana ɓare gyaɗa a cikin murfin tukunyar da take sayarwa.

"Sannu da zuwa, Baba. Aike ne, ko kai da kanka?"

"Wa zai aike ni?"

"Ai shi na gani. Masu irin shekarunka in sun shigo nan da takarda suke zuwa, su karanta min kamar sanarwa."

"Abin buɗe gwangwani nake so."

"Wane iri?"

Bai san suna da iri ba. Ta share hannu a zane, ta jawo kwando, ta jera masa guda huɗu a kan kanta.

Na farko ƙarfe ne zalla, mai baki kamar na aku. "Wannan soka shi ake yi, a yi ta ɗagawa. Ba ya lalacewa, sai dai ya lalata mai shi." Ta dubi filastar. "Kai ka riga ka ba da naka kason."

"Takarda ce ta yanke ni."

"To. Takardar kifi ce ko ta tumatir?"

Na biyu siriri ne, mai ƙaramin kunne kamar fiffiken malam buɗe littafi. Na uku ya fi kauri, mariƙansa da baƙar roba, kunnensa ya cika tafi. Na huɗu fari ne, sumul, kamar sabulun wanka.

"Wannan na batir ne. Ka ɗora, ka danna, ka naɗe hannu, shi zai zagaya da kansa. Tsofaffi shi suke so. 'Ya'yansu ke zuwa su saya musu."

Jan Biro ya ɗauki kwalin ya juya. A baya an zana wata tsohuwa mai farin gashi tana murmushi ga gwangwani kamar ta ga jikanta. A layi na biyu na bayanin an bar harafi ɗaya. A ransa ya hango Auta ta shigo ta ga wannan farin abu a kan kantar kicinsa. Ba za ta ce komai ba. Za ta ɗauka, ta danna, ta saurari kukansa, ta ajiye, sannan ta tambaye shi ina babbar jakarsa take. Sayen wannan sa hannu ne a takardar da bai karanta ba.

"Ajiye shi."

"Ba cizo yake ba, Baba."

"Na sani. Ajiye shi."

Ya ciro gwangwanin daga leda ya ɗora a kanta. Matar ta sauke tabarau daga goshi zuwa hanci.

"Ka zo da naka majinyacin."

"Ba na sayen abin da ban gwada ba."

"Bismillah. Wanne za ka fara?"

Ya miƙa hannu ga na biyu, ya tsaya. Tafinsa ya jiƙe. Ya goge shi a riga. Abin kunya, a shagon tukwane, a gaban mace mai cin gyaɗa. Ya janye hannun, ya sa a aljihu, ya fito da tsohon.

"Fara gwada wannan ke."

"Ni kuma? Ai kana da shi ashe."

"Gwada dai."

Ya san abin da yake yi. In ta ɗora ta murɗa ya tafi kir kir kir, ba sai ya sayi komai ba. Sai ya yi mata godiya, ya koma gida, ya sauko da jaka.

Ta karɓa, ta buɗe mariƙan, ta matse da hagu, ta murɗa da dama. Tayar ta kankare fenti ta zame. Ta tsuke baki, ta sake. Ta sake zamewa.

Jan Biro ya dafa kantar shagon.

"Ya dakushe ko?"

"Dakata." Ta ɗaga abin zuwa hasken ƙofa, ta shafa tayar da babban yatsa. "Wannan da kaifinsa, har aski zai yi." Ta juya shi, ta ɗauki nata na kan kanta ta haɗa su gefe da gefe, ta yi 'yar dariya ta hanci. Sai ta mayar da mariƙan hannun dama, ta zagayo da shi ɗaya gefen gwangwanin, ta kama kunnen da hagu. Haƙoran suka kama. Kir kir. Ta yanka kamar tsawon ɗan yatsa ta tsaya.

Ƙarar ce. Ita ce yake ji daga falo.

"Na bahago ne, Baba. Ka ga kunnen a wancan gefen yake. Ba a cika kawo su ba, sai an sa a nemo. Wa ke amfani da shi a gidan?"

"Matata. Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Bahaguwa ce ke nan."

"Ba bahaguwa ba ce."

"To."

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Da dama take rubutu. Da dama take cin abinci. Da dama take miƙo min shayi."

"Da wanne take yanka albasa?"

Ya buɗe baki. Ya nemi hoton a kansa, yadda yake neman layi a shafi, bai samu ba. Akwai bayanta, akwai ɗankwalinta, akwai ƙofar kicin da yake tsayawa ya ce an kusa? Hannuwan suna can gaba, inda bai taɓa zagayawa ya duba ba.

Matar ta mayar da ido kan gyaɗarta, ta ba shi lokaci. Sannan ta turo masa na biyu. "Gwada naka na daman mu gani. Gwangwanin ya riga ya ji rauni, kada mu bar shi a haka."

Ya ɗora siririn. Ya kama. Ya murɗa sau ɗaya, sau biyu, ƙarfen ya fara tsagewa, daɗi ya fara taso masa. A na huɗu wani zafi ya tashi daga gindin babban yatsa ya harba har gwiwar hannu. Ƙaramin kunnen ya nutse a namansa ya ƙi gaba. Ya ƙara ƙarfi, yatsun suka saki.

Ashe likitan ma ba ƙarya yake ba. Murnar minti biyu ce aka ba shi aro.

"Wannan ko ni yana cin yatsana," in ji matar, ba ta dube shi ba. Ƙarya ce, ya sani, kuma bai gyara ta ba. "Ɗauki mai kaurin. Kada ka kama da yatsu, kama da tafi gaba ɗaya, kamar za ka buɗe famfo. Gwiwar hannunka a jikinka. Gwangwanin a kan kanta, kada ka ɗaga shi."

Ya yi yadda ta ce. Rabonsa da a koya masa abu ya manta. Robar ta zauna a tafinsa. Ya murɗa. Zafin yana nan, amma ya tsaya a inda yake, bai hau ba. Gwangwanin ya fara juyawa a hankali kamar mai jin kunya. Ya huta a rabi, ya ci gaba. Ƙas.

"Ka gani," in ji ta. "Na batir ɗin fa, in sa maka a ajiye? Wata rana..."

"Wata ranar ta zo da ƙafarta."

Ya biya, ya sa sabo a aljihun dama, tsoho a na hagu. Sai ga matsalar da babu wanda ya hango: buɗaɗɗen gwangwanin wake, da ruwansa har baki. Haka ya ratsa titi yana riƙe da shi a gabansa da hannu biyu, a hankali, kamar mai ɗauke da fitila a iska. Mai aski ya leƙo ya ce, "Malam, yau walima za a yi?" Bai kula shi ba.

A gida ya juye waken a tukunya, ya ɗumama, ya ci a tsaye. Ya buɗe na masara don ya tabbatar ba sa'ar shago ba ce. Ya buɗu. Ya wanke gwangwanayen biyu ya ajiye a inda ido zai fara sauka. Saura biyar a kabad, saura awa huɗu, saura kuma yatsa. Sharaɗin hawa biyu ne, kuma shi ya fi kowa sanin aikin "ko" a jimla. Ya cire filastar ya duba. Yankan ya kama, amma ja ne, dogo, ba ya ɓoyuwa. Ya sa sabuwa. Ya gwada riƙe littafi da hannun, yatsan a tsakanin shafuka kamar mai alamar inda ya tsaya. Ya yi kyau a madubi. Sai dai mutum ba ya wuni da littafi a hannu a kicin.

Yana neman wurin ajiye sabon abin ne idonsa ya faɗa kan cokalin katako da ke cikin gwangwanin cokula. Bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya, a karkace. Ya ɗauka da dama ya sa a tukunya, gefen da ya cinye yana kallon sama. Ya mayar hagu, ya kwanta daidai da gindin tukunyar.

Daga nan bai iya tsayawa ba. Ƙusoshin rataye ludayi duk a hagun murhu suke. Almakashin kicin da yake zagi wata bakwai saboda yana tauna leda maimakon ya yanka. Katakon yanka, wanda tsagoginsa duk suka karkata gefe guda. Wurin ajiye sabulu a hagun famfo, inda kullum sai ya miƙa hannu ya tsallaka. Kicin ɗin gaba ɗaya a juye aka buga shi, shafi guda, manyan haruffa, shekara arba'in da ɗaya a buɗe, mai gyara yana falo yana neman waƙafi a littafin wani.

Huɗu saura minti goma ya ji mota ta tsaya.

"Baba, ina wuni. Ka rame."

"Lafiya lau. Ke kuma kin yi ƙiba, mun yi daidai."

Ta ajiye jakarta, ta wuce kicin kai tsaye, ko zama ba ta yi ba. Ya bi ta da littafi a hannu. Ta buɗe kabad, leɓɓanta suna motsi. Ta dubi wankakkun biyun, ta ɗauki ɗaya ta shafa bakinsa, sumul.

"Sauran biyar fa?"

"Na ci. Gwangwanin ne kawai ban ci ba, na zubar."

"Me kake karantawa?"

"Tarihi."

"Ba ni in gani."

"Ba za ki so shi ba, kowa mutuwa yake yi a ƙarshe."

"Baba, ba ni hannunka."

Ya ajiye littafin. Ta riƙe yatsan, ta ɗaga gefen filastar, ta mayar. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsoro ke nan. Ta yi magana a hankali, da muryar da ma'aikatan asibiti ke yi wa wanda ba za a sallama ba.

"Mun yi magana da kai. Ba yau za mu kwashe komai ba. Kaya kaɗan, sauran a bi su a hankali."

Ya jawo durowa, ya ɗauko tsohon abin buɗewar, ya ajiye a kan kanta. Ya sauko da gwangwanin kifi ya ajiye kusa da shi.

"Buɗe min wannan, Auta."

Ta dubi abin. Ba ta miƙa hannu ba. Shekara talatin da huɗu yana karanta fuskar marubutan da suka san kuskuren nasu ne ba na inji ba.

"Ke kika sayo mata shi."

"Ni ce. Shekarar da na fara aiki. Sai da na sa aka nemo."

"Da kika jera min sha biyu kika kafa sharaɗi, kin san abin da ke cikin durowar nan."

"Wallahi a lokacin ban tuna ba. Sai da na kai kwanar gidan mai."

"Da waya a jakarki."

"Da ita."

"Ba ki kira ba."

"Ban kira ba." Ta ja kujerar kicin ta zauna, ta haɗa hannuwa a cinya. "Na ce gara ka kasa da gwangwani a mako uku, in zo in ɗauke ka da ƙafarka. Kullum in na kira ka ba ka ɗauka ba, Baba, sai in ga kana kwance a ƙasan banɗaki. Ina wurin aiki ina ganin haka. Ban yi zaton za ka ɗauki wuƙa ba. Na zaci za ka kira ni."

"In ce miki me?"

"Ka ce ka kasa."

Ya tanadi maganganu tun a hanya, masu kaifi, a jere. Ya ga ba ya son ko ɗaya. Akwai wata tambayar da ta fi su nauyi, kuma babu wanda ya rage a duniya da zai yi wa ita sai wannan yarinyar.

"Tun yaushe take haka?"

"Mama? Tun haihuwarta. A makaranta aka hana ta, har ɗaure mata hannun aka yi, shi ya sa rubutu da cin abinci suka koma dama. Amma wuƙa, allura, tsefe kai, duk hagu ne. Kowa ya sani. Mu ma da hagu take dukanmu."

"A gabana ba ta yi."

"A'a."

"Me ya sa?"

Auta ta dubi katakon yanka. "Ta ce kai komai ka gani sai ka gyara."

Firij ya yi kukansa ya yi shiru. A waje wani yana ta danna hon. Jan Biro ya tsaya da maganar a hannu, ya juya ta, ya duba ta gaba da baya, bai sami inda zai sa jan biro ba.

Ya ciro sabon daga aljihu. Ya jawo gwangwanin kifin gabansa, ya matse mariƙan, ya kama kunnen da tafi gaba ɗaya, gwiwar hannu a jiki. Haƙoran suka kama. Ya murɗa. Zafin ya zo ya zauna a gindin yatsa. Ya ga hannun Auta ya taso daga cinyarta, ya ga ta mayar da shi ta danne da ɗayan. A rabi ya tsaya. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. Bai ɗago ba, don ya san in ya ga fuskarta hannun zai saki. Ya ƙirga uku a ransa, ya ci gaba, kir, kir, a hankali, ba da saurin marigayiya ba. Ƙas.

Ya ɗaga murfin da cokali, ya tura mata gwangwanin.

"Yatsan kuma a kanki yake," ya ce. "Jarrabawar da aka buga a juye ba a kayar da ɗalibi da ita."

Ta daɗe tana kallon kifin. Ta goge ido da bayan hannu, ta ja hanci.

"In na kira ka ɗauka."

"In ina kusa."

"Ka sa wayar a aljihu, sai ka zama kusa."

"Zan sa."

"Mako uku zan dawo. Wannan karon kwalabe zan kawo, masu murfin murɗawa."

"Ki duba su da kyau kafin ki kai kwanar gidan mai."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Ta tashi ta ɗauko faranti biyu da burodi, suka ci kifin a kan teburin kicin, shi a kujera, ita a tsaye jingine da kanta. Da za ta tafi ta ɗauki tsohon abin buɗewar za ta sa a jaka.

"Bar shi."

"Ba ka iya amfani da shi, Baba."

"Na sani. Bar shi a nan."

Ta ajiye. Ya raka ta bakin ƙofa, ya tsaya har motar ta sha kwana. Jakarsa tana can saman kabad ɗin ɗaki da ƙurarta.

Ya koma kicin. Rana ta karkato ta taga, inuwar turken lantarki ta kwanta a kan kanta. Saura huɗu. Ba yunwa yake ji ba, amma ya sauko da na tumatir. Ya riƙe mariƙan tsohon da dama, ya zagaya ɗaya gefen, ya tsaya a inda matarsa take tsayawa. Daga nan ana ganin ƙofar falo, da gefen kujerarsa, da fitilar karatu. Ya kama kunnen da hagu, filasta da komai, ya murɗa.